Ranar da Aka Kama Saje Jan Kunne

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun nan, ko bai san sunan Baba Kambai ba, ya san tsohon da ke sara wa alade. Gidansa yana tsallaken layin dogo, ɗakin aladunsa a baya ƙarƙashin mangwaro. Kullum da safe sai ya fito da bokitin dusa, ya dire shi a bakin ƙofa, ya ƙame, ya sara, ya ce, “Ina kwana, Saje. Bariki lafiya.” Daga ciki a amsa masa da gurnani. Baƙo in ya gani sai ya ce tsohon ya taɓu. Maƙwabta kuwa sun daina ɗaga kai tun kafin a haifi yawancinmu.

Kambai bai shiga soja don jarumtaka ba. Shekarar da aka aiko wa dagacin ƙauyensu, can bayan Godogodo, cewa Bature na neman samari don yaƙi, mahaifinsa ne ya fara miƙa shi. Dalilin tsohon ɗaya ne, yaron ya cika ci. Ya ce in dai gwamnati ta yarda za ta ɗauki nauyin wannan cikin, to Allah ya ba ta sa’a.

Ko “zo” bai sani da Hausa ba lokacin da ya isa bariki. A can ya koye ta, irin Hausar sojan nan da mace da namiji duk “shi” ne, kuma da ita ya mutu. Daga bariki sai jirgin ruwa, daga jirgin ruwa sai Indiya, daga Indiya sai dajin Boma, inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa.

A can ya haɗu da Saje Wilfred. Sojan ƙasa ne daga wata runduna ta Ingila, aka aro shi ya riƙe wani sashe na kamfaninsu. Gajere ne, rana ta dafa kunnuwansa sun yi jajir kamar tattasai, don haka sojoji suka sa masa Jan Kunne. Kambai bai taɓa ƙawata labarinsa ba. Yakan ce harbin Saje ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma ya fi tsoron matsattsaku a kan Japanawa. Amma duk inda aka yada zango sai ya bi sojojinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa su cire takalma, ya tsuguna ya duba ƙafafunsu da hannunsa, yatsa bayan yatsa, yana zagi yana shafa magani.

Ba shi da uwa, ba shi da uba. A gidan marayu ya tashi, daga nan aka kai shi gonar wani mai hali yana kiwon aladu. Burinsa a duniya bai wuce ya gama yaƙi ya mallaki aladun kansa ba, kuma ba ya gajiya da zancen. Da zarar ya fara bayanin yadda ake sosa wa alade bayan kunne har ya kwanta, sai Musulmin kamfanin su tuna suna da aiki a wani wuri. Kambai kaɗai ke zama, don a ƙauyensu ma ana kiwonsu. Da Hausar da ba ta kowannensu ba suka yi abota.

Ba harsashi ba ne ya kashe Saje Wilfred, atuni ne. A kan gadon gora aka riƙa ɗaukarsa, Kambai a gaba, a baya kuma saje-manjan kamfanin, wani dogon Bahaushe mai suna Tanimu. Da Saje ya ji jikinsa ba na tashi ba ne, ya jawo hannun Kambai ya ce, “Ni ba gida. Ni mutu, suna mutu.”

Wannan magana ta ba Kambai tsoro fiye da mutuwar kanta. A wurin mutanensu suna ba ya mutuwa. In mutum ya tafi, jaririn da ya fara zuwa gidan shi ke ɗaukar sunansa. Ya ce, “Saje, kwantar da hankali. Sunanka zai zauna a gidana.”

Alkawari kaya ne. Ya dawo gida da igiya biyu a hannun riga, wato kofur. Ya sami aikin kwashe toka a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya auri Milka, ya zauna jiran ɗa namiji. Aka haifi Afiniki. Aka haifi Angelina. Da ta uku ta zo ita ma mace, ya matsa kusa da gadon mai jego ya ce a hankali, ai a Ingila wataƙila mata ma suna amsa Wilfred. Milka ta ce in ya sake faɗa ta ji, za ta ɗauki ’ya’yanta ta koma gidan ubanta. Aka sa wa yarinya Paulina.

A makon nan ne uwar aladunsa ta haihu. Cikin ’ya’yan akwai wani ɗan tsurut, mai kunnuwa jajir. Kambai ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga kai sama ya ce, “Ubangiji, na gode. Na gane.”

Ya sa wa ɗan aladen sunan abokinsa, kuma tun daga ranar gidan bai rabu da Saje Jan Kunne ba. Ba a sayar da shi, ba a yanka shi, ko Kirsimeti ta zo da yunwa. In tsufa ya kashe shi a binne shi ƙarƙashin mangwaro da girmamawa, wani mai jan kunne ya gaji suna da muƙami. Romanus, wani dillalin aladu da ke lodi zuwa Gabas, ya yi shekaru yana taya kowane Saje, Kambai yana ba shi amsa ɗaya: “Ka taɓa ganin kofur ya sayar da saje?”

Matsalar ke nan. Kambai mutum ne mai bin doka, kuma doka ta ce ƙarami ba ya ba babba oda. Ba ya yi wa Saje tsawa, ba ya dukansa, ba ya ɗaure shi. In Saje ya shiga lambun kuɓewar Milka, sai Kambai ya ƙame a bakin kunya yana roƙo: “Da izini, Saje, wannan wurin na farar hula ne.” Milka ce ke fitowa da muciya, don ita dokar soja ba ta hau kanta ba. Har ta bar duniya tana faɗa wa matan zumunta na coci cewa a duk Najeriya mijinta ne kaɗai alade ya fi shi muƙami. Bayan ta rasu muciyar ta koma hannun Paulina, wadda ke koyarwa a firamare.

Babbar ranar gidan ita ce sha ɗaya ga Nuwamba. Gwamnati ta daɗe da mayar da ranar tunawa da sojoji zuwa Janairu, amma Kambai ya ce ba wanda ya sanar da Saje Wilfred canjin. Ranar sai ya wanke alade da sabulu, ya sa kakinsa da lambobin yaƙi, a yi shiru na minti biyu da ƙarfe sha ɗaya. Baƙon bikin ɗaya ne, Malam Tanimu, wanda shi ma Kafanchan ya dawo ya buɗe rumfar goro. Su biyu kaɗai suka rage a kamfaninsu. Yakan tsallako layin dogo da sandarsa, ya tsaya nesa da shinge ta inda iska ba ta biyowa, hankici a hanci, ya karɓi gaisuwar fareti. Bai taɓa matsowa ba, bai kuma taɓa fashi ba.

Sai watan Maris na 1987 ya zo.

Mutanen garin ba sa son ba da labarin kwanakin nan, kuma ba laifinsu. An ga hayaƙi inda aka saba ganin mutane na ibada. An ga wanda ka saya wa biredi jiya yana gudu da abu a hannu, ba ka san ko kai yake nema ko shi ake nema ba. An binne mutane. Bayan ƙura ta lafa, abin da ya rage ya fi wuyar faɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Tayar mota ta fashe a kasuwa, sai ka ga mata sun bar tumatir a ƙasa. Yara su ruga da wasa, manya su bi su a guje kafin su tambayi dalili. Layin dogo, da a da hanya ce kawai ta jirgi, ya zama wurin da mutum ke tsayawa ya sake tunani.

Dattawan kowane ɓangare suka ja kunnen nasu. Masu aladu aka ce su kulle su, don alade ɗaya a unguwar da ba tasa ba ya isa ya sake kunna garin. Paulina ta sa kafinta ya kafa sakata a ɗakin Saje.

“Kin sa babban mutum a gadurum, kurkukun bariki, ba caji,” in ji Kambai.

“Baba, ko janar ne a ciki zai zauna.”

Rumfar goron Malam Tanimu na cikin waɗanda suka ƙone. Kambai ya ji labari tun a makon. Ya goge wando don ya je jaje, ya kai bakin layin dogo, ya tsaya. Me zai ce? Bai san hannun wa ya kunna wutar ba, amma ya san daga wane tsallake ta fito. Ya juya gida. Haka ya yi ta goge wandon yana juyawa har damina ta wuce.

Ranar sha ɗaya ga Nuwamba, Paulina ta tsaya a ƙofa da jakar makaranta.

“Baba, ka yi bikinka a ciki. Kada ka taɓa sakatar nan.”

“Na ji.”

“Baba, dube ni.”

“Na ce na ji, Paulina. Yara suna jiranka.”

Tana fita ya ɗebo ruwa. Ya wanke Saje tas, wani jibgegen namiji ne a lokacin, ƙato kamar buhun masara biyu. Da ya gama ya kalli sakatar. Ya san Tanimu ba zai zo ba bana. In kuma aka yi faretin da Saje a kulle, to me ya rage na girmamawa? Ya zare sakatar, ya jingine ƙofar kawai, ya shiga ɗaki maƙala lambobinsa.

Da ya fito ƙofa a buɗe take, ɗaki ba kowa.

Sawun a fili yake, don Saje a jiƙe ya fita. Ya bi ta lambu, ya ratsa ta bayan gidan Romanus, ya gangara. Kambai na bi yana addu’a sawun ya karkata hagu wajen rafi. Bai karkata ba. Ya hau kan duwatsun layin dogo ya sauka ta ɗaya gefen.

Kambai ya tsaya a bakin layin. Ba ran Saje kaɗai ya gani ba. Ya ga wani ya yi ihu, ya ga jifa, ya ga labari ya isa kasuwa cewa da gangan aka kora alade cikin unguwa, ya ga hayaƙin Maris. Kuma a ce sunan Wilfred ne ya jawo, mutumin da bai taɓa cutar ko ƙafar wani ba. Ya gyara hularsa, ya tsallaka, lambobi na ƙara a ƙirjinsa kamar akuyar da aka sa wa ƙararrawa.

Sawun ya kai shi famfon unguwa, daidai bayan gidan Malam Tanimu, ba nisa da masallaci. Sa’ar da aka ci, famfon ba ya kawo ruwa sai rana ta ɗaga, don haka ba kowa a wurin. Sai dai wata tsohuwa da ta ja igiya daga katanga zuwa bishiyar dalbejiya tana ta shanya zannuwa, ɗaya manne da ɗaya, kamar mai kafa labule. Inna Kubra ce, matar Tanimu.

“Kofur!” ta ce da raɗa mai kama da tsawa. “Zo nan. Zo ka ga abin da ka jawo mini.”

Bayan zannuwan, cikin taɓon da ruwan jiya ya bari, Saje na kwance ya miƙe ƙafafu, ido a lumshe. Duk sabulun safe ya tafi a banza.

“Kayan nan tun jiya suka bushe,” in ji ta. “Har na ninke. Yau ga ni ina sake shanya su saboda baƙonka. Ɗauke shi kafin wani ya leƙo.”

Kambai ya ƙame, ya sara. “Da izini, Saje. Ana nemanka a bariki.”

Saje ya motsa kunne ɗaya.

“Saje, don Allah. Wurin nan ba namu ba ne.”

“Wai roƙonsa kake yi?” in ji Inna Kubra. “Ga itace nan, maka masa!”

“Ba zan iya ba, Uwargida. Shi ya fi ni.”

“Ya fi ka me?”

“Muƙami.”

“Inna lillahi. Milka, Allah ya ba ki ladan haƙuri.”

Sai famfon ya yi tari. Duk unguwar ta san wannan tarin, shi ne sallamar ruwa. In ya yi na biyu da na uku, yara da mata za su fito da bokitai. Inna Kubra ta saki zanen hannunta ta shige gida da saurin da ba a san tana da shi ba.

Malam Tanimu ya fito da sandarsa, ba ko hula. Ya rame, gemun ya ƙara fari, amma tsayin na nan. Suka dubi juna. Duk kalmomin da Kambai ya tara tun Maris suka fito masa a yamutse.

“Sa… ranka ya daɗe… maganar rumfa…”

“Kofur, ba gaisuwa na fito ba. Rahoto.”

Jikin Kambai ya miƙe da kansa. “Saje Jan Kunne ya fita bariki, Sa.”

“Da izinin wa?”

“Ba izini, Sa.”

“Ranar fareti?”

“Ranar fareti, Sa.”

Tanimu ya toshe hanci, ya leƙa bayan zane, ya daɗe yana kallon mai laifin. Shi addini ya hana shi taɓawa, Kambai doka ta hana shi. Famfo ya sake tari, ya tofar da jan ruwa.

“To, na kama shi,” in ji Tanimu. “Daga yanzu fursuna ne. Kofur, ɗaure shi. Oda ce.”

Kambai ya sara. “Sa, a yi haƙuri. A Boma, farin saje yana sama da baƙin saje-manja.”

“Wace shekara muke?”

“Tamanin da bakwai, Sa.”

“An ba mu mulkin kai ko ba a ba mu ba?”

“An ba mu, Sa.”

“To ɗaure shi!”

Kambai ya kwance igiyar shanya, zannuwan Inna Kubra suka zube. Ya tsuguna cikin taɓo da kakinsa, ya ɗaura a ƙafar baya kamar yadda ake yi wa kowane alade, yana cewa, “Ka gafarce ni, Saje, daga sama odar ta zo.” Ya ja. Saje ya yi ƙara ɗaya mai tsaga kunne, ya koma ya kwanta.

Inna Kubra ce ta warware. Ta fito da kwanon tsakin kunu, ta ɗaure shi a bakin gorar da take tokare shanya, ta miƙa daga nesa har ya kai hancin fursuna. Saje ya buɗe ido. Ta ja baya. Ya tashi.

“Mu bi ta lungu, Sa,” in ji Kambai.

“A’a. In muka bi ta lungu wani ya gan mu, cewa za a yi ɓoye shi muke. Gobe labari ya zama wani abu. Fursuna ta kan titi ake wucewa da shi.”

Haka suka fito. Inna Kubra a gaba tana tafiya da baya-baya, gora a hannu, tana neman tsari. Saje na bin kwano. Kambai riƙe da igiya, taɓo har gwiwa. Tanimu a ƙarshe, sanda a hammata, yana ba da taki da muryar nan da ta tsufa ba ta lalace ba: “Lef! Rai! Lef! Rai!”

Masu bokitai suka tsaya cak. Tela ya ɗaga ƙafa daga kekensa. Wata mata ta fizge ɗanta ta rufe ƙofa. Kambai bai kalli kowa ba, amma bayan wuyansa na jin idanu. Ta gefen ido ya ga wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki dutse.

“Kai!” Muryar Tanimu ta daki katangu. “Ajiye! Fursuna ne a hannuna. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa.”

Saurayin ya tsaya da dutsen, bai jefa ba, bai ajiye ba.

Daga wani zaure wani dattijo ya ce, “Malam Tanimu, me ya yi?”

“Gudun fareti.”

Wata tsohuwa mai tallan ƙuli ce ta fara. Dariyar ta kufce mata kamar atishawa, ta rufe baki, ta sake kufcewa. Tela ya ɗauka. Yara suka jeru a baya suna “lef, rai”. Saurayin ya duba dutsen hannunsa kamar bai san yadda aka yi ya zo wurin ba, ya sake shi. Ba kowa ya yi dariya ba. Wani mutum da aka kashe ƙaninsa a Maris ya tofar da yawu ya juya baya, kuma Kambai ya gan shi, bai kuma ga laifinsa ba.

Kafin su kai layin dogo labari ya riga su tsallakawa, kuma ya canja kaya a hanya: wai an kama Baba Kambai. Mutanen unguwarsa sun taru a ɗaya gefen, wasu hannuwansu a baya, ba a ganin abin da suka riƙe. Paulina na gaba, alli a hannunta, ba takalmi ɗaya. Ga taro nan, ga taro can, ƙarfen jirgi a tsakiya. Dariyar yaran ta mutu.

Daidai kan mararrabar Tanimu ya duba agogonsa.

“Fareti, tsaya!”

Inna Kubra ta dire kwanon.

“Sha ɗaya ta yi, Kofur.”

Tsofaffin biyu suka ƙame. Ba wanda ya gaya wa jama’a abin da ake yi, amma ganin sun yi shiru kowa ya yi shiru. Irin shirun nan ne da garin ya koyi tsoronsa, wanda ke zuwa kafin a fara gudu. Mutane na kallon hannuwan juna. Kambai ya rufe ido yana neman fuskar Wilfred, ya kasa samunta, sai kunnuwan kawai.

Cikin shirun nan abu ɗaya ake ji, Saje na shan tsakin kunu. Yana zuƙa, yana taunawa, yana tura kwano a kan duwatsu yana bin sa. Wani daga cikin masu hannu a baya ya ciji leɓe. Kafaɗun Paulina suka fara rawa, ba a san kuka take ko dariya ba.

Tanimu ya sassauta tsayuwa, ya ɗaga murya yadda kowane gefe zai ji.

“Mai wannan sunan Bature ne, maraya, ya mutu a daji ba wanda ya yi masa kuka sai mu. Ya tsuguna ya wanke mini ƙafa tana ruɓa, ni da Kofur da duk wanda ke kamfanin, bai tambayi inda kowa ke fuskanta in zai yi addu’a ba. Ba ni na zaɓa masa magaji ba, da ni ne da na zaɓi rago. Amma sunansa ne.” Ya juya ga fursuna. “Yanzu hukunci.”

Kambai ya ƙara damƙe igiyar. In aka sauke Saje zuwa farabiti, ƙaramin soja mara igiya, ko aka ce a kai shi kasuwa, odar babba ce, dole ya bi.

“Muƙaminsa na nan. Amma zai zauna a bariki, a kulle, har sai garin nan ya huce. Ni zan riƙa zuwa ina dubawa. Kofur, ka ji?”

“Na ji, Sa!” Har lambobinsa suka yi tsalle.

Hannuwan da ke baya suka fara fitowa, wasu sanduna suka faɗi cikin ciyawa ba mai su. Inna Kubra ta jefar da gorar. “Kwanon ya zama naku,” ta ce wa Paulina. “Da gorar, da igiyar. Kuma ki gaya wa ubanki sabulun da zan wanke bakin famfo da shi, shi zai saya.”

Kambai ya matsa kusa da Tanimu, ya rage murya. “Sa, maganar rumfa. Na so in zo.”

“Na sani. Ina hango ka daga zaure, ka zo nan ka juya.” Ya dubi wandon da taɓo ya gama da shi. “Gugar takan yi kyau.”

Daga shekarar Tanimu ya ci gaba da tsallakowa kowane Nuwamba. Paulina ta yi aure ta haifi namiji, aka sa masa Wilfred ba tare da gardama ba. Kambai ya ce yaro ya ɗauki suna, amma muƙami na mai shi ne, don ba a ba jariri igiya uku. Kowace shekara bayan an yi shirun, sai Kambai ya ƙame ya nemi a sassauta wa fursuna. Tanimu ya cire hankici daga hanci, ya juya wajen gari, ya saurara, ya shaƙi iska, sannan ya ce, “Tukuna. A ƙara masa shekara.”

Baba Kambai ya rasu a daminar 1994, aka binne shi da kakinsa. Nuwamban da ya biyo, Malam Tanimu ya zo a bayan babur, don ƙafa ta ƙi. Paulina ta fito da kujera ta ajiye masa ta inda iska ba ta biyowa. Da aka gama shiru ta tsaya a gurbin ubanta, kwanon Inna Kubra a hannu, ta ce, “Baba, a buɗe masa?”

Tsohon ya daɗe yana sauraron garin.

“Tukuna, ’yata,” ya ce. “Bar sakatar.”